Igiya a Wuyan Kwikwiyo: Ciwon Fata da Abin da Ya Dace a Ɗaura wa Kare

Tun da sha'anin tsaro ya taɓarɓare a garuruwanmu, har ya zama mai hali ba ya samun barci sai ya tabbata akwai abin da zai yi haushi in an taɓa masa katanga, kiwon kare ya fita daga hannun mafarauta da makiyaya kaɗai, ya shiga gidajen 'yan kasuwa da ma'aikata a Kano da Kaduna da Jos da Abuja, inda a yau za ka tarar da irin karnukan da kakanninmu ba su taɓa gani ba: Alsatian da Rottweiler na Jamus, da Boerboel na Afirka ta Kudu, da wani ƙato mai gashi buzu-buzu wanda asalinsa duwatsun Kaukasas ne, Allah ya halicce shi domin ƙasar ƙanƙara, mu kuwa muka jawo shi cikin zafin bazara. Mutum zai ƙirga kuɗi masu kauri ya sayi kwikwiyo ɗan wata 2, ya gina masa ɗaki, ya sayo masa abincin kanti, amma da an zo kan abin da za a ɗaura masa a wuya, sai a yanko guntun igiyar shanya, ko a kawo irin sarƙar da ake ɗaure janareta da ita. Ba a daɗewa sai kwikwiyo ya kama susa ba dare ba rana, gashin wuyansa ya soma zuba, fatar wurin ta yi ja ta tasa, maigida kuwa ya leƙo daga nesa ya ce wa yaron gida, “Kai, wannan ai ƙazuwa ce, je wurin bakanike ka karɓo baƙin mai a shafa masa.” An yanke hukunci ke nan tun ba a saurari shaida ba.

Dalilin leƙowa daga nesa kuwa sananne ne, domin da yawa daga cikinmu suna ƙyamar taɓa karen da su da kansu suka saya, saboda haka ya kamata a kawar da wannan shubuha kafin a shiga bayanin cuta. Mazhabar Imamu Malik, wadda akasarin Musulmin ƙasar nan suke bi, ba ta ɗauki kare mai rai najasa ba. A wurin malamanta duk mai rai tsarkakakke ne, haka yawunsa da guminsa da hawayensa, wanke ƙwarya sau bakwai kuma idan kare ya sa baki a ciki, sun ce ta'abbudi ne, watau umarni ne da ake bi domin ɗa'a. Alƙur'ani ya halatta cin abin da horarren kare ya kamo, a farkon Suratul Ma'ida, hadisi kuma ya yi rangwame ga karen noma da na kiwo da na farauta. Shehu Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya taƙaita ajiye kare ga waɗannan dalilai, amma masu sharhin littafinsa sun ruwaito cewa da katangar gidansa ta faɗi a zamanin fitina shi kansa ya ajiye kare, da aka yi masa magana kuma ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Ba fatawa muke bayarwa ba, mai nemanta ya san ƙofar malamai. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, wanda ya tsare dabba ya hana ta nema wa kanta, haƙƙinta ya hau kansa, kuma labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuwa sake ta ba, yana nan cikin Buhari da Muslim.

To, fatar kare, duk da gashin da ya lulluɓe ta har mutum ya zaci ta fi tamu ƙwari, a haƙiƙa ta fi ta ɗan Adam rauni, gama ɓawonta na sama bai wuce jeri 3 zuwa 5 na ƙwayoyin halitta ba, alhali na mutum yakan kai 10 zuwa 15. Ta kwikwiyo kuwa ta fi ta babba laushi, ga shi garkuwar jikinsa ba ta ƙosa ba. Akwai wani ɗan maiƙo da fatar ke fitarwa domin ta kare kanta, wanda omo da sabulun soda suke wanke shi tas, su bar ta a bushe tana tsagewa, musamman a lokacin hunturu. Saboda haka mai yi wa kwikwiyo wanka da omo kowace safiya, da niyyar tsafta, shi ne ke buɗe wa cuta ƙofa.

Abubuwan da ke sa kwikwiyo susa suna da yawa, kuma kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne tattara su duka a kira su da suna ɗaya. Ƙuma ita ce mafi sauƙin ganewa: a tsayar da kwikwiyo a kan farar takarda da aka ɗan jiƙa, a taje gashin gindin wutsiyarsa, in baƙin garin da ya zubo ya narke ya yi ja, to kashin ƙuma ne, jinin kwikwiyon ne ta sha. Macen ƙuma takan yi ƙwai har 40 ko 50 a yini, ƙwan kuma ba ya zama a jikin kare, zuba yake yi a shimfiɗa da tsagar daɓe, shi ya sa wanda ya kashe ta jiki ya bar ta ɗaki aikin banza ya yi. Kaska ma haka take, irin jar nan ta karnuka tana ɓuya a tsagar bango, ta maƙale a cikin kunne da tsakanin yatsu da ƙarƙashin abin wuya inda ido ba ya kaiwa, kuma cizonta ba shi ne babban sharrinta ba, cututtukan jini da take ɗauke da su ne, waɗanda ke sa zazzaɓi, dasashi ya yi fari, kwikwiyo ya ƙi abinci.

Abin da ake kira ƙazuwa kuwa iri biyu ne, sun sha bamban a sababi da hukunci. Na farko wani ƙwaro ne da ido ba ya gani, likitoci suna kiransa Sarcoptes, wanda ke haƙa rami a cikin fata yana zuba ƙwai, ya fi kama gefen kunne da gwiwar hannu da ciki, ƙaiƙayinsa kuma ba ya barin kare ya runtsa; yana yaɗuwa daga kare zuwa kare, har mutanen gida yakan sa musu ƙuraje masu ƙaiƙayi na ɗan lokaci. Likitoci suna da wata dabara ta gwaji: sai su murza gefen kunnen karen da yatsu, in ƙafarsa ta baya ta ɗaga da kanta ta kama susar iska, zato ya ƙarfafa cewa shi ne. Na biyu shi ne Demodex, wanda kwikwiyo ke samu daga uwarsa a kwanakin farko na shan nono, yana zaune a ramin gashi ba tare da cutarwa ba har sai jiki ya yi rauni, saboda tsutsar ciki ko ƙarancin abinci ko gado, sa'an nan ya yawaita, gashi ya zube a kewayen ido da baki da ƙafafun gaba. Wannan ba ya kama mutum, ba shi da ƙaiƙayi mai tsanani in ba ƙwayoyin cuta ne suka hau kansa ba, kuma in wuri ɗaya ko biyu ne ƙanana, sau da yawa yakan warke da kansa yayin da kwikwiyo ya yi ƙarfi. Ba a rarrabe su da ido tabbas. Sai likita ya kankaro ɗan ɓawon fata ya duba a madubin ƙara girma, aikin da ba ya cin lokaci, kuma ana yin sa a asibitocin koyarwa na dabbobi irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, da asibitocin dabbobi masu yawa a manyan birane. Makero ma yana kama kwikwiyo, ya yi masa zagayayyen tabo mara gashi, shi kuwa yana saurin komawa jikin yara masu wasa da shi.

Akwai kuma wata cuta da littattafan Turai ba su cika damuwa da ita ba, alhali a ƙasashenmu da damina takan kai kwiyakwiyai asibitin dabbobi, watau tsutsar wani ƙuda da masana ke kira Cordylobia, wanda ake samu a Afirka kudu da Sahara. Macen ƙudan ba ta sauka a jikin kare; tana neman yashi a inuwa, inda fitsari ko kashi ya taɓa, ta zuba ƙwai 100 zuwa 300, su ƙyanƙyashe cikin kwana 1 zuwa 3, ƙananan tsutsotsin su yi kwanto suna jiran jiki mai ɗumi. Kwikwiyon da aka ɗaure a gindin bishiya, yana kwana inda yake fitsari domin igiya ba ta ba shi damar matsawa ba, shi ne abincinsu. Sai ka ga ciki da ƙafafu da wutsiya sun fito da ƙulli-ƙulli masu kama da maruru, kowane da ɗan rami a tsakiya yana tsatsar ruwa, in ka zuba ido sosai za ka ga wani abu fari yana leƙowa yana komawa, numfashi yake yi. Ana toshe ramin da man basilin, in tsutsar ta rasa iska ta yunƙuro, sai a matsa gefe da gefe a hankali ta fito ɗungurungum, fara sol, mai kauri, tana motsi. In aka yi gaggawa aka fasa ta a ciki, wurin zai ruru ya yi mugunya. In an ƙyale ta, takan yi kwana 8 zuwa 12 kafin ta faɗo ƙasa ta zama ƙuda. Wannan ƙudan ne kuma ke yin ƙwai a tufafin da aka shanya a ƙasa, shi ya sa gugar kayan jarirai ba ado ba ce kawai.

Duk waɗannan suna da magani, amma babu ɗaya daga cikinsu da maganinsa baƙin mai ne, ko kananzir, ko fiya-fiya, ko maganin feshin gona. Baƙin mai yana ƙona fata, kare kuma lasar jikinsa yake yi, sai gubar ta shiga ciki ta taɓa hanta da ƙoda. Fiya-fiya kuwa tana ratsa fata kai tsaye, ta sa dalala da makyarkyata da shiɗewa, kuma jikin kwikwiyo ba ya ɗaukar abin da babban kare zai iya tsallakewa. Ko allurar ivermectin da masu kiwon shanu da awaki suka saba da ita, wadda lalle tana kashe ƙwarin ƙazuwa, ba a yi wa kwikwiyo ita da ka, domin a shekara ta 2001 masu bincike a Jami'ar Jihar Washington ta Amurka sun gano wani naƙasu na gado da ke sa maganin ya haura ƙwaƙwalwar wasu karnuka, ya fi yawa a irin Collie, ana kuma samunsa jefi-jefi a Alsatian. Yau akwai ƙwayoyi na tauna da ke kashe ƙuma da kaska da ƙwarin ƙazuwa gaba ɗaya, irin su NexGard da Bravecto, sai dai suna da tsada, ana ba da su bisa nauyin kare, kuma ba a ba wanda bai kai mako 8 ba.

Amma kafin a tuhumi ƙwaro, wajibi ne a fara tuhumar igiya, domin ciwon da abin ɗauri ke jawowa yana da alama da ba ta ɓuya: yana bin sawun abin da aka ɗaura. In jan fata da zubar gashi sun zagaye wuya daidai inda igiya take, ko sun tsaya a hammata da ƙirji inda ɗamarar fita yawo ke gugawa, sauran jiki kuwa lafiya lau, to a kwance abin, a wanke wurin da ruwan gishiri mai ɗumi, a bar shi ya sha iska 'yan kwanaki a gani. Likitoci sun ce ƙin jinin wani abu, kamar ƙarfen ƙulli ko rinin fata, yana faruwa ga kare amma ba shi da yawa. Abin da ya fi yawa shi ne guga da danshi da datti, watau igiya ta jiƙe da ruwan wanka ko ruwan sama, ƙura ta manne mata, ta riƙa cin fata a hankali, ƙwayoyin cutar da dama suke zaune a jikin kowane kare su sami kafar shiga, wuri ya yi ruwa ya yi wari cikin yini guda.

Mafi munin wannan babi shi ne igiyar da ta nutse cikin nama. Kwikwiyon Alsatian ɗan wata 2 da bai wuce kilo 8 ko 9 ba yana iya haura kilo 20 kafin ya cika wata 6, wuyansa na ƙaruwa kowane mako, igiyar leda kuwa ba ta ƙaruwa, kuma gashi yana rufe ta har a manta da ita. Da fari za ta kwantar da gashi, sa'an nan ta yanka fata, sa'an nan nama ya taso ta gefe biyu ya rufe ta, har ya zama ba a ganin komai sai ƙullin da ke lilo a ƙarƙashin haɓa, da ƙudaje, da wari. Karen da ke cikin wannan hali yakan zama mafaɗaci, ya ƙi a taɓa kansa, masu gida su yi ta yabonsa suna cewa ya fara zafi, ba su san azaba ce ke cinsa ba. Cire irin wannan igiya aikin likita ne, sai an sa kare barci an yanka an ɗinke. Rigakafinsa kuwa bai fi sa yatsu biyu tsakanin abin wuya da fata ba, sau ɗaya ko biyu a mako: in sun shiga ba da ƙyar ba, daidai ne, in sun ƙi, a sassauta, in abin yana zarewa ta kai, a ɗan ƙara ɗaurewa. Duk wanda ya yi kiwon doki ya san haka ake duba majayi kafin a hau.

Game da abin fita yawo, ra'ayinmu shi ne ɗamarar ƙirji ta fi dacewa da kwikwiyo a kan abin wuya, domin kwikwiyo bai san tafiya da igiya ba, fizga yake yi yana tsalle, duk ƙarfin fizgar kuma a maƙogwaro yake sauka in a wuya aka ɗaure. A shekara ta 2006 likitocin Jami'ar Wisconsin ta Amurka sun auna ƙarfin ruwan cikin idon karnuka yayin da ake jan su, suka tarar yana hauhawa da abin wuya, ba ya hauhawa haka da ɗamarar ƙirji. Sai dai ɗamara ma ba kowace ba ce. Wadda ta fi ita ce mai reshe biyu da suka sauko ta gefen wuya suka haɗu a kan ƙashin ƙirji, suka bar kafaɗa tana motsi yadda take so, maɗaurin cikinta kuma ya zauna da ɗan tazara bayan gwiwar hannu, ba cikin hammata ba inda fata ta fi laushi kuma gashi ya fi ƙaranci. A shafa cikinta da yatsa kafin a biya kuɗi, domin igiyar nailan da aka ƙona bakinta da wuta takan bar ƙaya mai kaifi, ɗinki mai tauri kuma yana yin aikin zarto. Irin masu kaurin soso da ake shigowa da su, waɗanda aka ɗinka domin ƙasashen sanyi, ba su dace da Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ba, gama kare ba ya sanyaya jikinsa da gumi kamar mu, da haki yake yi, duk abin da ya rufe masa ƙirji kuma ya ƙara masa zafi ya riƙe danshi. Da an dawo gida a cire ɗamarar, a wanke ta lokaci-lokaci, kada a mayar sai ta bushe, gashin ma ya bushe.

Abin wuya yana da nasa gurbin, shi ne ɗaukar lambar wayar mai kare da shaidar allura, amma ya kasance mai faɗi, mara nauyi, mai ramuka da yawa. Karnuka masu dogon wuya da siririn kai, irin Azawak na Abzinawa a Nijar da Mali, da da yawa daga karnukan mafarautanmu masu ɗan gashi, sun fi bukatar mai faɗi, domin siriri yana yanka su kuma yana zarewa. Sarƙar shaƙewa da mai ƙayoyin ƙarfe, waɗanda wasu masu horar da karnukan gadi ke alfahari da su, ba su da hurumi a wuyan kwikwiyo ko kaɗan. Abin wuya mai jan wutar lantarki kuwa yankin Wales na Birtaniya ya haramta shi tun 2010.

Sauran abin lura shi ne ƙasar da ake takawa da lokacin da ake fita. Kwalta da daɓen siminti da yashi da tsakar rana suna sale tafin kwikwiyo. In mutum ya ɗora bayan hannunsa a ƙasa ya kasa haƙuri na ɗan lokaci, to kare ma ba zai iya ba, saboda haka yawo sai da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Ƙarangiya kuma tana maƙalewa tsakanin yatsu da ƙarƙashin ɗamara, a riƙa tsince ta bayan kowace fita. Kada kuma a kai kwikwiyo inda karnukan titi ke yawo sai ya kammala alluransa na rigakafi, waɗanda ta ƙarshensu kan zo wajen mako 16, saboda cutar amai da gudawar jini da ke kashe kwiyakwiyai. Allurar haukan kare kuwa ana yin ta daga wata 3, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana cikin masu haɗa ta. Kafin lokacin, a riƙa sa masa ɗamarar a tsakar gida na ɗan lokaci yana cin abinci, domin ya saba da ita cikin daɗi. In kuwa aka ga fuska ta kumbura, ko ƙuraje sun yi mugunya sun bazu, ko zazzaɓi da ƙin abinci sun haɗu da susa, wannan ya wuce dabarar gida.

Kiranmu na ƙarshe ga mutum biyu ne. Masu sayar da kwiyakwiyai su daina miƙa dabba da ƙullin igiya a wuya. Su haɗa wa mai saye da katin allura, su kuma gaya masa da baki cewa abin wuyan nan na 'yan makonni ne. Dukawanmu kuwa, na Kano da Sakkwato da Zinder, waɗanda suka gaji jima da bagaruwa kuma suke ɗinka wa doki ragama da linzami, su sani akwai kasuwa a nan da aka bar wa kayan waje: abin wuya na fata mai laushi, mai faɗin yatsu biyu, wanda aka goge bakinsa, ba a rina cikinsa ba, aka huda masa ramuka da yawa domin a riƙa sassautawa yayin da kwikwiyo ke girma.